Fanteka Ta Kaduna, Inda Mota Ke Sake Fata

Duk wanda ya bi babban titin Nnamdi Azikiwe a Kaduna, watau wanda mutanen gari ke kira Bayfas, ya doshi Sabuwar Fanteka, kunnensa ne zai fara gaya masa ya iso kafin idonsa. Ƙarar guduma ce a kan ƙarfe, ba irin mai nauyin nan ta maƙera ba, wata 'yar ƙarama ce mai sauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga nan da can, kamar ana sassaƙa a gidaje ɗari lokaci guda. Bayan kunne sai hanci. Warin tina da na kabaid da na baƙin mai su haɗu su tari mutum tun daga bakin kwalta, har baƙon da bai saba ba ya ji kansa ya sara. Sa'an nan ido ya sami nasa rabon: motoci a jere, wata ba ƙofa, wata ba gilashi, wata an liƙe mata fitilu da tagogi da tsofaffin jaridu, jikinta dabbare-dabbare kamar na damisa.

Fanteka dai biyu ce a Kaduna. Tsohuwar tana cikin gari, kusa da Babbar Kwalejin Kimiyya da Fasaha, kuma ta yi suna ne wajen ƙere-ƙere: tukwane da murhu da ƙofofin ƙarfe da injinan niƙa. Sabuwar kuwa mota ce abincinta. Akwai masu sayar da kayan gyara sabo da tsoho, akwai makanikai, akwai masu haɗa wayar lantarki, akwai masu ɗinkin kujeru. Amma a cikin dukansu mutum biyu ne aikinsu ke fitowa fili, har wanda bai san kan mota ba ya yanke musu hukunci: mai buga jiki, wanda ake ce wa fanal-bita, da mai fenti. Bakanike in ya yi ha'inci sai an yi tafiya tukuna a gane. Mai fenti kuwa aikinsa na bisa titi, rana na haska shi.

Haka dai jama'a ke zato. Amma wanda ya sami inuwa a nan ya yini yana kallo, zai tashi da wani ra'ayi dabam. Feshin da ke ɗaukar ido, wanda mai mota ke zuwa kallo yana murmushi, bai fi aikin sa'a ɗaya ko biyu ba. Kwanakin da suka gabace shi, na bugu da kankara da guga, su ne aikin, kuma su ne fenti ke zuwa ya rufe ruf. Ya rufe na kirki, ya rufe na banza, duka su fito da ƙyalli iri ɗaya. Sai bayan damina ɗaya ko biyu ake bambance su.

Ba banza ba Kaduna ta zama garin masu wannan sana'a. Cikin 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, a kudancin garin, shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa a Ikko. Daga Kakuri ne Fijo 504 ta bazu ko'ina cikin ƙasar nan, ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, ta zama tasi, ta zama motar jigilar fasinja zuwa Kano da Jos da Sakkwato, aka yi shekara wajen talatin ana yin ta. A jikinta ne da yawa daga cikin dattawan da ke riƙe da gareji a yau suka koyi riƙon guduma, kuma har gobe suna yabon ƙarfenta, don ƙarfe ne mai haƙuri: a buga shi ya koma, a gasa shi ya yi laushi, a sake bugawa bai yi gardama ba.

To, mene ne ma fentin mota? A masana'antar zamani ba shafi ɗaya ba ne. Gangar jikin, tun ba a ɗaura mata inji ko taya ba, ana wanke ta a raba ta da maiƙo, sa'an nan a tsoma ta ɗungurungum cikin wani babban tanki na fentin kare tsatsa, a saki lantarki ya ja fentin ya shiga kowane lungu, har cikin ƙofofi inda hannu ba ya kaiwa. Bayan wannan sai shafin share fage, wanda masu sana'a ke kira faraima, sai launin kansa, sai kuma wani shafi garai-garai kamar gilashi a bisa, watau kiliya, wadda ita ce ke ƙyalli, ita ce kuma ke tare zafin rana. Ana gasa su cikin tanderu mai zafin digiri 140 ko fiye. Dukan shafin nan in an haɗa, kaurinsu kamar na takarda ɗaya ne ko biyu, kuma wannan 'yar fatar ce kaɗai tsakanin ƙarfe da ruwan sama. Babu garejin da zai iya maimaita haka, ko a Kaduna ko a Faransa, domin motar da aka riga aka harhaɗa tana da roba da waya da tankin mai, ba ta shiga irin waccan wuta. Shi ya sa dillali ke ɗaga murya in ya ce mota fes-bodi ce, watau fentin kamfani ne a jikinta.

Wannan fata kuwa tana shan wuya a ƙasar nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ƙura mai laushi kamar gari, wadda a ido ba kome ba ce, amma a ƙarƙashin tsumma yashi ce. Yaron gida ya tashi da sassafe, don neman yabo, ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar maigida tas, bai san samfefa ya yi mata ba. Bazara ta zo, rana ta dafa rufi da bonet har kiliya ta fara ɓarewa kamar saɓar maciji. Mai mota ya gudu gindin bishiya, tsuntsu ya sakar masa kashi, wanda in ya yini a rana yakan ci fenti ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Sa'an nan damina, wadda a Kaduna ba ta wasa, musamman Agusta da Satumba. Duk inda aka ƙuje har ƙarfe ya bayyana, nan ruwa zai zauna, tsatsa ta kama, ta riƙa rarrafe ta ƙarƙashin fenti tana kumbura shi kamar ƙuraje.

Amma mafi yawan motocin da ke kwana a Fanteka ba rana ce ta kawo su ba, mutum ne. Cunkoson Kawo da na bakin Babbar Kasuwa, da Keke Napep mai kutsawa inda allura ma sai ta yi dabara, su ke ciyar da masu fenti. A yi gogayya, a fito a yi cacar baki, jama'a su taru, a ƙarshe wani dattijo ya ce a yi haƙuri a je wajen mai gyara. Abin mamaki, da wuya a ji wani ya ambaci inshora, alhali doka ta tilasta kowace mota ta riƙe takardar da ke biyan ɓarnar da ta yi wa wani. Daga watan Janairu na 2023 Hukumar Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wannan takarda ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Duk da haka direbobi da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda ce kurum. Saboda haka mai laifi daga aljihunsa zai biya, kuma wanda zai biya daga aljihunsa don motar wani, ai araha zai nema. Daga nan ɓarna ke farawa, tun ba a ɗaga guduma ba.

A ɗauki misali da direban haya wanda aka lotsa wa ƙofar baya. Motar ba tasa ba ce, kullum yamma akwai balas da zai kai wa mai ita, ga cefane na jira. Kowane yinin da ta yi a gareji asara biyu ce. Yana isowa, tun bai kashe inji ba, yara sun kewaye shi, wannan na Oga ga shagonmu, wancan na Alhaji nan ne wajen aiki. Maigidan shago ya fito ya shafa wurin da tafin hannu, don ba da ido yake dubawa ba, ya faɗi kwana biyar da kuɗin da ya kama. Direba ya ce gobe yake son motarsa, kuma rabin kuɗin ke gare shi. A nan ko dai maigida ya ce albarka, cinikin ya wuce shagon gaba inda lalle za a karɓa, ko kuwa ya karɓa ya yi aikin gobe na rabin kuɗi. Mai iyali, ga yaran shago na jiran kuɗin abinci, da wuya ya ce albarka.

Aikin kwana biyar ɗin ga yadda yake. Za a kwance marufin cikin ƙofar a sami hanyar kai hannu bayan lotsawar. Fanal-bita ya riƙe wani dunƙulen ƙarfe mai santsi ta ciki, 'yar uwar maƙerarsa ke nan ta hannu, yana bugawa ta waje da guduma mara nauyi. Ba a tsakiyar ramin yake farawa ba, kamar yadda wanda bai sani ba zai yi. Gefe yake bi, inda ƙarfen ya tattare, yana sassauta shi kaɗan-kaɗan har ramin ya taso da kansa. Inda ƙarfen ya saki ya yi yawa, yana ƙara in an danna kamar gindin gwangwani, sai ya ɗana masa wuta daidai faɗin kwabo har ya yi ja, ya buga, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke. Gwani na iya yin sa'a uku a kan wurin da bai fi faɗin faranti ba, yatsunsa ne ke karanta masa inda ya rage. Wanda ya taɓa ganin maƙeran Bida suna buga tagulla zai gane zumuncin da ke tsakani.

Sai dai motocin yanzu ba Fijo ba ne. Ƙarfensu ba shi da kauri amma ya fi tauri, kuma an tsara shi ne ya lanƙwashe ta wata hanya in an yi karo, don ya sha dukan a madadin fasinja. Irin wannan ƙarfe, musamman na ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da na sandunan da ke riƙe da inji, wutar kabaid na kashe masa ƙarfi. In an gasa shi an miƙe zai yi kyau a ido, amma ba zai sake tare karo yadda aka yi shi ba, don haka masu ƙera motocin ke cewa a yanke a sauya. Maganar ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin motoci da yawa da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko daga Amurka, kamfanonin inshora na can ne suka yi gwanjonsu bayan haɗari, da suka ga gyaran ba ya biya. A nan gida ake miƙe su, a fesa, a jera a bakin titi suna walƙiya. Mai saye na iya ɗaukar lambar gangar jiki, mai haruffa da lambobi 17, ya bincika tarihin motar ta intanet, sau da yawa har da hotunanta na ranar gwanjo. Kaɗan ne ke yi.

In an gama bugu, sai a kankare tsohon fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, sa'an nan a zo ga abin da ya fi kome jawo rigima a wannan sana'a, watau bodi-fila. Wani kwaɓi ne mai kauri a gwangwani, wanda ake ɗiga wa ɗan maganin daskarewa, kamar kashi 2 cikin 100, a cuɗa a kan allo a shafa da sauri, don cikin minti biyar ya fara kamawa, kafin rabin sa'a ya zama dutse. An yi shi ne don cike 'yan ramukan da guduma ta bari, shafin da bai wuce milimita 2 ko 3 ba. A haka ba shi da laifi, garejin ko'ina a duniya na aiki da shi.

Aikin gobe kuwa, fila ce ke yin aikin guduma. A ɗan taso da ramin sama-sama, a lafta kwaɓi kamar ana yaɓen katanga, wani wuri har kaurin yatsa, wani lokaci bisa tsatsar da ba a kankare ba, ko bisa hudar da aka toshe da guntun gwangwani. In ya bushe a goge shi sumul. Ranar da direba ya zo ɗauka, ko mai motar ba zai nuna inda aka buga ba. Amma ƙarfe na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, yana kuma girgiza a ramukan hanya, fila mai kauri kuwa ba ta bin sa. Ta fara da 'yar tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga, fila ta sha, tsatsa ta ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye, wata rana a rufe ƙofa da ƙarfi sai ɓangare guda ya faɗo kamar sakaina. Direba ya koma yana zagin mai fenti, mai fenti ya ce abin da aka biya shi ya yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan tana yi, sai dai na 'yan watanni.

Wanda ya fi shiga uku shi ne mai sayen tsohuwar mota, wanda bai ga ciniki ba, bai ga yaɓe ba. Tsofaffin dillalai suna da dabararsu: ɗan maganaɗisu a naɗe cikin hankici, a bi jikin mota da shi, inda ƙarfe ke kusa ya kama, inda fila ta yi kauri ya saki. Wasu ƙwanƙwasawa suke yi da yatsa, don ƙarfe amo gare shi, fila kuwa bebiya ce. Yanzu ma akwai 'yar na'ura kamar wayar hannu wadda ke faɗin kaurin fenti. Sai dai a sani, maganaɗisu ba ya kama bamba ta roba, ba ya kuma kama bonet ɗin da aka yi da alminiyam, kada a je a zargi mai gaskiya.

Bayan fila sai guga, kuma nan ne yaran shago ke biyan kuɗin koyo da yatsunsu. Samfefa lamba-lamba ce, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A fara da 80, a koma 180, a fesa faraima a bar ta ta sha iska, a sake bi da 400 ko 600 da ruwa a bokiti. Yaro zai yini a tsugune, maigida ya zo ya shafa sau ɗaya ya ce da saura. Duk layin da samfefa mai kaushi ta bari aka yi ƙyuya ba a share ba, zai fito ta cikin fenti bayan 'yan makonni, sa'ad da fentin ya gama zama.

Launi kuma wata duniya ce. A layin masu sayar da fenti akwai mutanen da sana'arsu haɗa kala ce kurum. Kowace mota na da lambar launinta, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, kuma manyan shaguna na da kwamfuta da sikeli masu faɗin giram nawa na wane za a zuba. Amma lambar tana faɗin launin motar ne ranar da ta fito daga masana'anta, ba bayan ta sha ranar Kaduna shekara goma ba. Don haka ake kwance murfin tankin mai a kai wa mai haɗi. Ya ɗiga baƙi, ya ɗiga rawaya, ya motsa, ya shafa a gefen murfin, ya fita rana ya karkata shi, ya dawo ya ƙara ɗigo ɗaya. Fari ma ba ɗaya ba ne, akwai mai ja zuwa madara, akwai mai ja zuwa shuɗi. Mafi wuya su ne masu ƙyalƙyali, ruwan azurfa da ruwan gwal, don a cikinsu akwai garin alminiyam, kuma yadda garin ya kwanta shi ke sa launin ya yi duhu ko haske. Gwangwani ɗaya, mutum biyu su fesa, a sami kala biyu. Shi ya sa gwani ba ya tsayawa cak a bakin ƙofa, yakan bar launin ya ɓace a hankali cikin ƙofar da ke kusa, don kada ido ya sami iyaka.

Feshi a fili aikin asuba ne. Kafin iska ta tashi, kafin motoci su fara tayar da ƙura, yara sun share wurin sun yayyafa masa ruwa, an liƙe gilasai da jarida, an tayar da janareta, kwamfuresa na tari. Mai fenti ya tace haɗinsa, ya gwada a jikin kwali, sa'an nan ya fuskanci ƙofa. Tsakanin bakin bindiga da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, hannu na tafiya a miƙe ba lilo, kowane zuwa na hawa rabin na baya. In ya matsa kusa ko ya yi nawa, fenti ya yi hawaye ya gangaro. In ya ja baya ko ya yi sauri, ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemo. A dakata minti goma, a sake. Duk wannan yana yi ne yana addu'a kada wata babbar mota ta wuce, kada ƙwaro ya zo ya kwanta a kan ɗanyar kiliya. Da damina kuma laimar iska, da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa in ba a zubar ba, sukan sa fenti ya yi hazo.

Masu hali sukan nemi obin. Sunan na ruɗar mutane, har wasu na zaton irin gashin masana'anta ake yi. Ɗaki ne rufaffe mai fitilu ta ko'ina, da fanka mai jawo iska ta cikin matata, da na'urar ɗumama shi zuwa wajen digiri 60. Yana hana ƙura, yana kuma sa fenti ya ƙanƙame da wuri. Alheri ne babba, amma ba ya gyara abin da ke ƙasa: fila mai kaurin yatsa in ta shiga obin, fila mai kaurin yatsa za ta fito. Akwai kuma ɗakunan da ake kira obin waɗanda in an leƙa, ban da ƙwan lantarki da labulen leda babu kome.

Akwai wani kuɗi da ba ya shiga ciniki, mai fenti ke biyansa shi kaɗai. Fentin zamani, wanda ake haɗawa da hadina don ya yi tauri, yana ɗauke da wani sinadari da likitoci ke kira aisosayanet. Yana shiga huhu tare da hazon feshi, kuma a ƙasashen da ake lissafin irin waɗannan abubuwa, kamar Ingila, masu fesa mota na cikin ma'aikatan da asma ta wajen aiki ta fi kamawa. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, wani lokaci ba nan take ba sai cikin dare, har ya ɗauka sanyi ne. Tina kuwa, wadda yara ke wanke hannu da ita kamar ruwa, tana tsattsaga fata, ita ce kuma ke kawo ciwon kai da jirin da suka ɗauka sabo ne. Garkuwar da aka fi gani a nan ita ce hankici a ɗaure a hanci, sai gwangwanin madara bayan an tashi, bisa imanin wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu, ba su ma haɗuwa a hanya. Abin da ke karewa sosai shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, mai gawayi a gefe biyu kuma ya fi hankici nesa in ana sauya gawayin. Amma a inda ake ganin sa takunkumi ragwantaka ce, sai maigida ya fara sawa kafin yara su bi.

Shin mai mota na iya yin wani abu da hannunsa? Yana iyawa, in ya san iyakarsa. Ya wanke wurin, ya ja farce a kan ƙujewar. In farce bai maƙale ba, kiliya ce kawai ta ji ciwo, man gogewa na gwangwani da tsumma mai laushi sun isa. Sau da yawa ma abin da ake gani fentin ɗaya motar ne ya manne, guga ke fitar da shi. In farce ya maƙale har ana ganin farin ƙarfe, to abin gaggawa shi ne a rufe kafin ruwa ya same shi: a kankare tsatsa in ta fara, a ɗiga faraima, a ɗiga launi da tsinken ashana, kaɗan-kaɗan ana bari yana bushewa. Tabon ba zai ɓace ba, amma ƙarfe ya tsira. Abin da ya wuce faɗin tafin hannu, ko ya lotsa, a bar wa masu shi. Kuma wanda ya kai musu, ranar da ya kamata ya je dubawa ba ranar feshi ba ce. Ya je ranar da aka gama bugu, ƙarfe na tsirara ba a shafa masa kome ba, ya ɗora hannu. Maigidan da ya amince da aikinsa ba ya jin haushin wannan ziyara, wani ma daɗi yake ji, don da wuya ya sami mai yaba abin da za a rufe.

Yaran da ke gugar nan shekaru suke yi kafin a ba su bindiga su riƙe. Shara, ɗebo ruwa, liƙa jarida, haɗa fila, fesa faraima inda kuskure ba ya kisa, sa'an nan wata rana maigida ya miƙa wa yaro bamba ya ce gwada. In an yaye shi, galibi ba shi da wata shaida sai bakin maigidansa. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, daga 2017 zuwa 2021, kwalejin ta jawo masu sana'ar Tsohuwar Fanteka a jiki don a gwada su a ba su takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa, tsarin da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, ke kula da shi. Tunani ne mai kyau. Ga masu fenti da fanal-bita dai, abin da ya kamata a fara koyarwa ba riƙon bindiga ko guduma ba ne, wannan sun fi malaman iyawa. Maganar huhu ce, da maganar ƙarfen da ba a gasawa.

Da la'asar sakaliya ƙarar guduma takan ragu, masu shayi su fara hura wuta. Ƙasar gaban kowane shagon fenti ta daɗe da rabuwa da launin ƙasa. Shekara da shekaru na feshi sun bar mata zane, nan inuwar bamba da fari, can da'irar taya da ja, kore bisa shuɗi bisa rawaya. Yaro na ƙarshe na zaune a kan tsohuwar taya yana wanke bindiga da tina, ya kwance bakinta ya busa, ya ɗaga saitin rana ya duba hudar. A bayansa ga motar haya an yaye mata jaridu, ƙofar baya ta fi sauran jikin ƙyalli. Direba ya zagaya ta sau biyu, ya ƙirga cikon kuɗi, ya tambaya ko zai iya wanke ta gobe. Aka ce ya ba ta kwana uku. Ya ce to, ya tayar, ya hau Bayfas ya nufi Kawo, tun bai kai kwana ba ya fara danna oda yana neman fasinja.